Kano, Zariya, Katsina ko Abuja: ina za a kai iyali yawon yini guda?

Hutun makaranta ya zo, kai kuma tun wancan zangon ka yi wa yara alkawarin fita. Da aka zauna shawara bayan isha'i sai kowa ya ja nasa. Maigida tsofaffin gine-gine yake so, ya shiga soro ya ɗaga kai yana kallon bakan gizo, wato tanƙwararren ginin da ke ɗauke da rufi. Uwargida ta ce in babu kasuwa a tsarin, a bar ta a gida ta huta. Yara kuwa wurin gudu da hawan dutse suke nema, kuma gaskiyarsu ce, don sun yi makonni suna dannar waya har wuyansu ya ƙage. Yini ɗaya ne, mota ɗaya, aljihu ɗaya.

Garuruwa huɗu ne sunansu ya fi fitowa a irin wannan zama: Kano, Zariya, Katsina da Abuja. Kowannensu yana da gini abin kallo, yana da kasuwa, yana da inda za a motsa jiki. Sai dai babu wanda ya haɗa ukun daidai wa daida.

Abin da za a auna kafin a tayar da mota

Ma'aunin farko, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne ƙafar wanda ya fi kowa rauni a cikin motar. Ba ƙarfin saurayin gida ne zai yanke tsawon yinin ba, gwiwar kaka ce da haƙurin ɗan shekara huɗu. Ni na taɓa yin wannan kuskure. Na sa hawan Dala da ƙarfe 11 na safe a watan Afrilu, ga mahaifiyata a cikin tafiyar. Hajiya ta dubi matakalar, ta dube ni, ta ce, "Kai dai hau, ka gaishe min da na sama." Ta nemi inuwa ta shimfiɗa mayafinta. Da muka sauko kowa ya jiƙe sharkaf, ƙaramar tana kuka, ranar ko ƙofar kasuwa ba mu gani ba. Saboda haka tambaya ta farko ita ce: wuraren suna kusa da juna, ko kowane ɗaya sai an sake shiga mota?

Na biyu kuɗi. Kuɗin shiga gidajen tarihi a Arewa ba shi ne ke karya mutum ba, bai taka kara ya karya ba. Mai ne da kasuwa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, nisan gari shi ne rabin lissafi. Idan motarka tana shan lita 10 a kowace kilomita 100, zuwa Zariya daga Kano da dawowa, kusan kilomita 320 ke nan, lita 32 kafin a fara zagayen cikin gari. Ka ninka da farashin ranar, ka ga abin da ya rage na tsaraba.

Na uku ƙarko, kuma fuska biyu gare shi. Akwai ƙarkon abin da za a sayo, ko zai kai baɗi ko a mako biyu zai ɓalle. Akwai kuma ƙarkon ginin da za a je gani. Ginin ƙasa ba ya jiran kowa, damina ɗaya da aka yi sakaci da yaɓe ta isa ta canja masa kama. Wurin da yake cikin haɗarin ɓacewa ya fi cancantar a fara da shi.

Sauran biyun su ne sauƙi, wato wurin ajiye mota, inuwa, bayan gida mai tsafta da wurin sallar mata, sai kuma hatsari, na hanya da na cikin gari.

Kano

Ko da me ka zo an fi ka, in ji kirarin, kuma a wannan lissafin ma haka abin yake. Cikin birni kaɗai ya isa ya cinye yinin, kuma yawancin wuraren tafiyar ƙafa ce tsakaninsu ga mai lafiya.

A fara da Dala da sassafe, kafin rana ta buɗe ido. Hawan ba mai tsawo ba ne, akwai matakala ta siminti, amma yana sa numfashi ya hau, kuma shi ne motsa jikin ranar. Daga sama za ka nuna wa yara Goron Dutse, da koren kubba da hasumiyoyi biyu na Babban Masallaci, da yadda tsohon birni ya cure wuri ɗaya, lungu a kan lungu. A nan ne za ka ba su labarin Barbushe da Tsumburbura, da yadda Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, ya fara ganuwa. Darasin da suka haddace don jarrabawa sai ya zama abin da ido ya gani.

Daga nan sai Gidan Makama. Wannan gidan yana tsaye tun ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan tarihi ne. Kayan da aka ajiye a ciki suna da kyau, tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan zuwan Turawa a 1903, amma ni ginin kansa nake so a kalla. Ka sa yaro ya dafa bango ya ji sanyinsa alhali waje ana zuba rana. Ka nuna masa kaurin katangar a bakin ƙofa, da azarar da aka jera a rufi, da indararo da ke fitar da ruwan sama nesa da jikin bango, da zankwayen da ke tsaye a kusurwoyin soro kamar kunnen zomo. Duk wannan da tubali da azarar giginya aka yi shi, babu rodi babu siminti. Daga ƙofar gidan kana hango Ƙofar Kudu ta Gidan Rumfa. Sai dai tun dambarwar sarautar da ta taso a 2024 ana yawan ganin jami'an tsaro a kewayen fada, don haka a kalla daga waje, a nemi izini kafin a ɗaga waya. Mai sauran ƙarfi ya ƙara da Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a unguwar a 1909.

Kasuwa kuwa, nan ne Kano ta yi wa sauran fintinkau. Kurmi ma tun zamanin Rumfa take ci, kuma ita kanta wurin kallo ce: rumfuna a matse, layin dukawa daban, na 'yan sirdi daban, ga masu turare, ga masu ƙwarya, ga masu littattafan addini. Jar fatar akuyar da fatake suka riƙa ketare Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, irinta ce ake ɗinka jaka da takalmi da ita a nan. Wajen sayen kayan fata a shinshina, a kuma buɗe bakin ɗinkin a duba. Wanda aka ɗinka da zare yana shekaru, wanda aka manna da gam damina ɗaya ce ajalinsa. Na taɓa sayo wa yara takalma a hannun wani mai rumfa da ya rantse mini fata ce zalla, kafin Sallah ta zagayo tafin ya rabu da saman, sai ga kwali a tsakiya. Araha ba ta ado.

A marinar Ƙofar Mata, wadda allon bakinta ya ce tun 1498 take, a tsaya a yi kallo ko ba za a sayi komai ba. Marini yana zaune a bakin karofi, hannunsa ya rine har wuyan hannu, yana tsoma ƙyalle cikin ruwan baba da toka yana ɗagowa. Abin da ke ba yara mamaki shi ne ƙyallen yana fitowa da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonsu. Sau nawa aka tsoma, shi ke sa launin ya yi duhu. Can gefe kana jin 'yan bugu suna sauke tabarya a kan turmin shadda, ƙwal, ƙwal, bi da bi kamar kiɗa. Rinin baba na gaske yana ɗan zuba a wankin farko, wannan ba aibi ba ne. A wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, zai daɗe ana sawa.

Idan uwargida atamfa da leshi da shadda take nufi, to Kantin Kwari ce, kuma gaskiya Kwari ba wurin shiga da ƙananan yara ba ne. Cunkoson masu dako da 'yan kamasho ya isa ya raba uwa da ɗa cikin ƙiftawar ido. Dabarar da ta fi ita ce a rabu: ita da babbar 'yarta su shiga kasuwa, kai ka kai ƙanana Gidan Zoo ko kantin Ado Bayero Mall da ke kan titin Gidan Zoo ɗin, wanda aka buɗe a 2014, su sha sanyi, a haɗu bayan la'asar. Gurasa bandashe da kilishin Agadasawa su ne tsarabar da ba a yi mata gardama a mota.

Aibin Kano a fili yake. Wurin ajiye mota a cikin birni wahala ne, gara a ajiye ta wuri ɗaya a ɗauki shatar adaidaita sahu. Bayan gida mai tsafta sai an nema. Ƙwacen waya gaskiya ne, musamman bayan magariba da kuma a lungunan da ba ka sani ba, don haka a gama da cikin birni da sauran rana. Ranar Juma'a daga hantsi zuwa bayan masallaci kewayen fada ba ya shiguwa da mota. Kuma kuɗi a Kano ba ya fita da yawa lokaci ɗaya, ɗiga yake yi, nan kaɗan can kaɗan, sai an dawo gida a tarar aljihu wayam.

Zariya

Mai son gini don ginin kansa, zuciyarsa Zariya take. Nan ne garin Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya gina Masallacin Juma'a na birnin a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Masana gine-gine na ƙasashen waje sun yi rubutu a kan bakan gizon wannan masallaci, yadda aka tanƙwara ƙasa da azara suka haɗu a sama suka ɗauki rufi mai faɗi. Har ana ba da labarin cewa wani sarki da ya gina wa masallaci daga baya ya sa an kashe shi, don kada ya yi wa wani irinsa. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, ya nuna matsayin mutumin a idon mutanen zamaninsa.

A nan ne maganar ƙarko ta zama abin baƙin ciki. A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin ya rufta ana cikin sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Tun daga nan aka shiga batun sake gina shi. Saboda haka kada ka ɗora tafiyarka a kan shiga ka ga abin da ka gani a tsofaffin hotuna, ka tuntuɓi wani ɗan gari kafin ka taso. Kwafin masallacin yana gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos, ga wanda hanya ta bi da shi can wata rana.

Duk da haka birnin bai ƙare ba. Fuskar fadar Zazzau, da zanenta mai launuka, tana cikin mafi kyau a ƙasar Hausa. Ragowar ganuwa tana nan ta wajen Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana. Abin da na fi so kuma shi ne a ajiye mota a taka cikin unguwanni a hankali ana duban fuskar zaurukan tsofaffin gidaje. Maginan Zazzau ba dagi kaɗai suke zanawa ba. Za ka ga takobi, ka ga keke, wani gidan har mota, an fito da su raɗau a jikin yaɓe, alamar abin da maigidan yake alfahari da shi a zamaninsa. Ka sa yara gasar wanda zai fara hango keke a bango, za su yi tafiyar awa guda ba su ce sun gaji ba. Irin waɗannan gidajen kullum raguwa suke yi, magada suna rushewa suna sa bulo.

A Wusasa akwai cocin Saint Bartholomew da aka gina a 1929 da ƙasa, bisa tsarin ginin Hausa, abin da yawancin mutane ba su zata ba. A Samaru kuma akwai Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, mai gine-ginen zamanin samun 'yancin kai: dogayen baranda, tagogi masu shan iska, bangon da aka huda don ya tare rana ya bar iska ta wuce. Dogon ginin majalisar jami'ar, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, da sassaƙe-sassaƙen da ke harabar sashen zane, duk a cikin inuwar bishiyoyi suke, kuma tafiya a cikinsu motsa jiki ne mai daɗi ga tsoho da yaro. Ɗan sakandaren da ke tunanin jami'a, wannan zagayen zai fi masa wa'azin awa biyu.

Masu ƙarfi a jika akwai Dutsen Kufena, wanda tarihin Zazzau da labarin Sarauniya Amina suke kewaye da shi. Wannan hawa ne na gaske, ba matakala, dutse ne sumul da ke santsi da damina. Kuma yana bayan gari, a yankin da a shekarun baya aka sha fama da masu garkuwa da mutane a gefunan Zariya. Ba a zuwa sai da ɗan gari, da rana tsaka-tsaki, cikin ayari, ba da mata da ƙanana ba.

Kasuwa ita ce raunin Zariya idan aka gwada da Kano. Ta Sabon Gari da ta Tudun Wada suna da duk abin buƙata, amma ba su da abin da zai sa uwargida ta ce ta ƙi Kwari. Abu ɗaya ne Zazzagawa suka riƙe kambunsa: ɗinkin hannu na manyan riguna. Aska takwas da aka yi wa aikin allura a cikin birni tana da tsada, kuma sau da yawa sai an ba da aiki an jira, amma riga ce da ɗa zai gada. Wahala ta biyu ita ce wuraren a warwatse suke. Birni, Wusasa da Samaru kowanne da nisansa, tsakanin birni da Samaru kaɗai ya haura kilomita 10, don haka ba mota ba yawo.

Katsina

Ta Dikko ɗakin kara. Ita ce mafi natsuwa a cikin huɗun, kuma ita ce ta fi tausaya wa gwiwar tsofaffi. Hasumiyar Gobarau, mai tsawon kusan mita 15, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau fiye da shekara 500 da suka wuce, tana tsakiyar gari, kusa da Ƙofar Soro da Gidan Korau. Minti talatin ya isa a gan ta a ji tarihinta, na masallaci da makarantar da ta tara malamai a garin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, yanzu gidan tarihi. Azuzuwa ne na ƙasa, marasa ƙyale-ƙyale, amma a cikinsu Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Makarantar ce ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Yaron da ke ƙorafin ajinsu babu fanka, ka tsayar da shi a nan ka yi shiru.

Wajen motsa jiki, Katsina ba ta da dutse a cikin gari irin Dala. Abin da take da shi tafiya ce a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa daga wannan ƙofa zuwa waccan, Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri, Ƙofar 'Yanɗaka. Gari ne na ƙwallon dawaki tun zamanin Sarki Dikko da ɗansa Usman Nagogo, da kuma ƙwallon bangon nan da ake bugawa da tafin hannu, Fives, wadda Sardauna ya ƙware a kanta. In an dace da lokacin wasa, kallo ne da yara ba za su manta ba, amma kallo ne, ba gumi ba. Kasuwa daidai gwargwado ce, babu turereniya, babu kuma yawan zaɓi. Wanda ya fito da wuri zai iya ƙarawa da Daura, kusan kilomita 80, ya nuna wa yara rijiyar Kusugu.

Hatsarin Katsina ba a cikin birni yake ba, a hanya yake. Ƙananan hukumomin yamma da kudu, irin su Batsari, Jibiya, Safana da Ƙanƙara, sun sha wahalar 'yan bindiga. Mai zuwa daga Kano, kusan kilomita 170, ya riƙe babban titi, ya shiga da rana ya fito da rana, kada ya yarda da shawarar yanke.

Abuja

A nan ba tubali za a gani ba, gilashi ne da kankare. Babban Masallacin Ƙasa mai kubbar zinariya da hasumiyoyi huɗu, wanda aka gina a 1984, da Cibiyar Kirista ta Ƙasa da ke fuskantarsa daga nesa kaɗan, da ginin ma'aikatar tsaro mai siffar jirgin ruwa, da dogayen benaye huɗu na NNPC, da koren kubbar Majalisa a gindin Dutsen Aso. Tsakiyar birnin wani maginin Japan ne, Kenzo Tange, ya zana ta, aka kuma dawo da babban birnin ƙasa nan a Disambar 1991. Yawancin wannan kallo daga cikin mota ake yin sa, kuma a kiyaye ɗaukar hoton gine-ginen gwamnati da na tsaro.

Inda Abuja ta yi zarra shi ne sauƙi da filin motsa jiki. Lambun Millennium, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2003, fili ne mai ciyawa da yaro zai yi gudu har ya gaji ba ka tsoron mota. Bakin tafkin Jabi da safiyar Asabar cike yake da masu atisaye, ga kuma babban kanti a gefensa mai sanyi da bayan gida da wurin cin abinci. Mai keken jariri ko keken guragu, nan ne kaɗai cikin huɗun zai tura shi ba tare da ya ɗaga ba. Kasuwar Wuse tana da kaya, amma atamfar da za ka taya a can sau da yawa daga Kwari ta taso, ta ɗauko kuɗin mota da na haya a kanta. Kayan manyan kantuna kuwa irinsu ne a kowane birni. Kilishin Area 1 ne tsarabar da za a ce ta Abuja ce.

Tsada ita ce matsalar. Daga Kano ya haura kilomita 400, ba tafiyar yini ba ce, sai an kwana, kuma masauki da abinci a Abuja ba sa sassauci. Daga Kaduna akwai jirgin ƙasa daga Rigasa, wanda shi kansa abin murna ne ga yara. A cikin gari kada a tare tasi a bakin titi da iyali, saboda 'yan fashin da ke shigar direbobi, a kira ta waya ko a yi shata da wanda aka sani.

| Ma'auni | Kano | Zariya | Katsina | Abuja |
|---|---|---|---|---|
| Gine-gine | Na gargajiya, da yawa | Na gargajiya da na jami'a | Kaɗan, masu tarihi | Na zamani |
| Kasuwa | Babu kamarta | Matsakaiciya, sai manyan riguna | Matsakaiciya | Akwai kaya, da tsada |
| Motsa jiki | Dala da tafiyar lungu | Harabar jami'a, Kufena | Tafiya a shimfiɗe | Lambu da bakin tafki |
| Kuɗi | Shiga da araha, kasuwa na ci | Mai ne ya fi ci | Mafi sauƙi a cikin gari | Mafi tsada |
| Ƙarkon tsaraba | Fata da rini, in an iya zaɓe | Rigar gado | Daidai | Irin na ko'ina |
| Sauƙi ga tsoho da yaro | Da wahala | Sai da mota | Da sauƙi | Mafi sauƙi |
| Hatsari | Cunkoso, ƙwacen waya | Bayan gari | Hanyoyin karkara | Tasin bakin titi |

Lokaci ma yana canja lissafin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da sanyin hunturu, duk huɗun suna tafiyuwa, illa ƙura ga mai asma, kuma hazo yana rage abin da za a hango daga kan Dala. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a Kano da Katsina, duk abin da ya shafi hawa ko tafiya a gama shi kafin ƙarfe 10. Da damina lungunan Kurmi suna caɓewa, Kwari ma ta taɓa shan ambaliya a 2022.

Wa ya dace da ina

Iyalin da yaransu suka haura shekara goma, kowa yana da ƙafa, kuma uwargida ta zo da jerin sayayya, Kano ce tasu, ba sai an yi dogon tunani ba. Ita kaɗai ce za ta ba kowa nasa a yini guda, muddin an fito da asuba an kuma yarda a rabu biyu da rana.

Idan maigida ne ya matsa da maganar gini, ko akwai ɗalibi mai sha'awar zanen gidaje, a tafi Zariya, kuma a tafi bana, kada a ce sai baɗi. A gaya wa uwargida gaskiya tun a gida cewa ranar ba ta kasuwa ba ce, a yi mata alkawarin Kwari wani satin, a kuma cika.

Idan da kaka a motar, ko kuɗin ba su da yawa, ko ana son yinin da za a dawo ba a yi faɗa da kowa ba, Katsina. Mutanen Maraɗi ma ta fi musu kusa da sauran. Na Damagaram kuwa ba sai sun ketara iyaka ba, unguwar Birni da fadar Sultan da gidajen Zango masu zane sun ishe su irin wannan yini.

Mai jarirai, ko mai lalurar da ba ta son turereniya, ko wanda dama yana zaune a Kaduna, Suleja ko Keffi, ya nufi Abuja, ya yi lissafin abinci tun daga gida. Kular shinkafa da tabarma a bayan mota, a shimfiɗa a gindin bishiya a lambun Millennium, za su rage kusan rabin abin da yinin zai ci.